Sakandaren Gwamnati a Newark: Me Ya Sa Wata Ke Sama Wata Ke Ƙasa, Alhali Hukuma Ɗaya Ce Ke Riƙe Da Su?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina zaune a Newark ta jihar New Jersey, iyalina za su iso daga Kano bana, akwai yarinya 'yar shekara 13 da yaro ɗan 16. Na duba intanet na ga wasu sakandaren gwamnati na garin a sahun gaba a jiha, wasu kuma a can ƙasa. Wani ya ce mini kuɗi ne ba a ba makarantun baƙaƙen fata, wani kuma ya ce kuɗin na nan, cinyewa ake yi. Wanne ne gaskiya, kuma ina zan kai yaran nan?"

Malam, Allah ya kawo su lafiya. Na yi shekaru ina koyar da lissafi a wata sakandaren gwamnati a jihar nan, daga baya na koma ofishin da ke haɗa alƙaluman ɗalibai da na kasafin kuɗi, don haka jadawalin makin da ka gani na san tukunyar da ake dafa shi. Mutum biyun da suka ba ka labari kowa ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma a Newark ba a nan gizo ke saƙar ba. Babban abin da ya raba makarantun nan shi ne wane yaro ake bari ya shiga wace makaranta. Sai dai kafin mu kai nan bari mu sallami maganar kuɗi, tunda ita ce ta dame ka.

A Amurka makarantar gwamnati ba ta gwamnatin tarayya ba ce. Ƙasar a rarrabe take zuwa gundumomin makarantu kimanin 13,000, kowace da hukumarta da shugabanta da kasafinta. New Jersey kaɗai, duk ƙanƙantarta, tana da kusan 600. Yaro makarantar gundumar da iyayensa ke kwana a cikinta yake zuwa. Kuɗin kuwa daga aljihu uku yake fitowa. In an ɗauki ƙasar baki ɗaya, jiha na kawo kusan kashi 45 cikin 100, gunduma na tara kusan haka, akasari daga harajin gidaje da filaye, gwamnatin tarayya a Washington kuma ba ta cika wuce kashi 10 ba. Nata kason yawanci ta shirin Title I yake zuwa, wanda aka kafa a 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson don yaran talakawa, sai tallafin yara masu buƙata ta musamman da na abincin rana.

Harajin gidajen nan shi ne tushen rigimar. Garin da gidajensa ke da tsada zai sa haraji ɗan kaɗan ya tara kuɗi mai yawa. Garin talakawa kuwa ko ya matse mutanensa har sun yi kuka, abin da zai tara bai taka kara ya karya ba. Wasu iyaye 'yan asalin Meziko daga gundumar Edgewood a San Antonio ta jihar Texas sun kai wannan ƙorafi har Kotun Ƙoli ta ƙasa, amma a 1973 alƙalai biyar cikin tara suka ce tsarin mulkin tarayya bai lissafa ilimi cikin haƙƙoƙin da ya kare ba. Daga nan faɗan ya koma kotunan jihohi, kuma babu jihar da aka yi shi da zafi kamar wadda kake zaune a cikinta.

Tsarin mulkin New Jersey ya ɗora wa jiha nauyin ba kowane yaro ilimi cikakke mai inganci. Da wannan kalma lauyoyin wata cibiyar kare haƙƙin ilimi da ke nan Newark suka shigar da ƙarar da aka sani da Abbott da Burke a 1981. A 1990 Kotun Ƙolin jiha ta ce dole a ba gundumomin birane matalauta kuɗi daidai da abin da garuruwan masu hali ke kashewa. Da 28 aka fara, daga baya suka zama 31, Newark ce babbarsu. A 1998 kotun ta ƙara da cewa a buɗe wa yaransu 'yan shekara 3 da 4 makarantar reno kyauta. A 2008 aka yi sabuwar dokar rabon kuɗi wadda ke bin kan yaro: akwai adadin da aka yanka wa kowane ɗalibi, ɗan sakandare ya fi ɗan firamare kaɗan, in yaron ɗan gidan talauci ne a ƙara kusan rabin wancan adadi, in kuma Turanci yake koyo a ƙara kusan rabi. Shi ya sa yau kasafin gundumar Newark ya haura dala biliyan ɗaya a shekara, kuma sama da kashi 80 cikin 100 daga baitulmalin jiha yake zuwa. Ka ɗauki mota ka nufi yamma, kafin minti 30 ka isa Millburn, garin masu kuɗi da sakandarensa ke cikin fitattu a jiha. Su daga harajin gidajensu suke biyan kusan komai, kuma in ka raba kuɗi bisa kan ɗalibai ba za ka ga sun yi wa Newark nisa ba.

To ka ga maganar mutum na farko. Da a Pennsylvania maƙwabciyarku ya faɗe ta, da na ce ya yi gaskiya, don a 2023 wata kotun jihar ta yanke cewa tsarin rabon kuɗinsu ya saɓa wa tsarin mulki saboda yadda yake danne gundumomi matalauta. A Newark kuwa maganar sai an yi mata gyara. Amma kada a ce na wanke jiha tas. Dokar 2008 ta yi shekaru da dama ba a biyan cikakken abin da ta tanada, musamman zamanin Gwamna Chris Christie. Gine-gine da yawa sun haura shekara 100, kuma a 2016 sai da aka rufe famfunan shan ruwa a makarantu 30 na garin saboda an sami gubar dalma a ciki. Sannan lissafin "kaza kan kowane ɗalibi" yana yaudara. Cikin kasafin nan akwai ɗaruruwan miliyoyi da gunduma ke karɓa ta miƙa wa makarantun cata, wato makarantun da ke cin kuɗin gwamnati amma ƙungiyoyi masu zaman kansu ke tafiyar da su. Akwai kuma yara masu naƙasa mai tsanani da ake biya musu makarantu na musamman, inda ɗaya kan ci abin da yara huɗu ko biyar ke ci. Kafin kuɗin ya iso ajin da ɗanka zai zauna, an yanki rabonsa sau da yawa. Kuma dala ɗaya a Millburn ba dala ɗaya ba ce a Newark. Yaron Millburn ya zo aji a ƙoshe, uwarsa likita ce, akwai malamin da ake biya yana zuwa gida da yamma. A Newark makaranta ce za ta ciyar da shi, ta nemo masa tabarau, ta koya masa Turanci, sannan a zo kan aljabara.

Mutum na biyu shi ma ba ƙarya ya yi ba, sai dai labarinsa ya kwana biyu. A 1995 jiha ta ƙwace ragamar makarantun Newark daga hannun hukumar garin bayan bincike ya bankaɗo almubazzaranci da rashin iya riƙo. Ta riƙe su sama da shekara 22, sai a Fabrairun 2018 aka fara mayar wa gari, aka kammala a 2020. A tsakiyar wannan zamani ne aka yi abin da ya sa duniya ta san makarantun Newark. A Satumban 2010 Mark Zuckerberg mai Facebook ya fito a shirin talabijin na Oprah Winfrey tare da Gwamna Christie da magajin garin lokacin, Cory Booker, ya yi alƙawarin dala miliyan 100, wasu attajirai suka haɗa wata 100. Mutanen gari a talabijin suka ji, ba wanda ya tuntuɓe su, kuma wannan ya zauna musu a rai. Kaso mai tsoka ya tafi kan sabuwar yarjejeniyar malamai ta 2012, har da biyan bashin ƙarin albashi na baya, wani kason ya tafi ga faɗaɗa makarantun cata, sama da dala miliyan 20 kuma ga masu ba da shawara, waɗanda wasunsu ke karɓar dala 1,000 a yini. Shugabar da jiha ta naɗa, Cami Anderson, ta fito da tsarin One Newark a ƙarshen 2013, aka fara aiki da shi a 2014, aka rufe wasu makarantu, aka sauya wa wasu fasali, iyaye suka wayi gari an tura 'ya'yansu unguwanni masu nisa. Fushin wannan ne ya taimaka wa Ras Baraka, wanda shugaban makarantar Central High ne a da, ya zama magajin gari a shekarar.

Mutane kan ce "an zuba miliyan 200 ba a ga komai ba, ashe kuɗi ba ya gyara makaranta." Ni ban yarda da wannan ba. Da farko, miliyan 200 a cikin shekara biyar, a gundumar da ke kashe kusan biliyan ɗaya duk shekara, bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. Gishiri ne a miya, ba miyar ba. Na biyu, ba gaskiya ba ne cewa ba a ga komai ba. Masu bincike na jami'ar Harvard sun fitar da rahoto a 2017 wanda ya nuna cewa da farko ci gaban yara ya faɗi, daga baya na Turanci ya tashi ya wuce inda yake, na lissafi kuma ya tsaya kusan inda aka same shi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a rahoton shi ne cewa kusan kashi biyu cikin uku na ƙaruwar Turancin nan ta samu ne saboda yara sun tashi daga makarantu masu rauni sun koma masu ƙarfi, ba don makarantun da suke ciki sun gyaru ba. Ka riƙe wannan, don shi ne amsar tambayarka ta ƙarshe.

Muhawarar ko kuɗi na aiki tsohuwa ce. Tun rahoton James Coleman na 1966, wanda ya ce halin gidan yaro ya fi kayan makaranta tasiri, ake ta ja-in-ja. Amma a 2016 Kirabo Jackson da Rucker Johnson da Claudia Persico sun bi yaran da kotuna suka tilasta a ƙara wa gundumominsu kuɗi har suka girma. Sun tarar cewa in an ƙara kashi 10 cikin 100 tsawon shekara 12 na karatu, ɗan talaka kan ƙara kusan rabin shekara a makaranta, abin da yake samu in ya girma kuma ya ƙaru da kusan kashi 10. Kuɗi na aiki in ya daɗe yana zuwa kuma ya shiga aji, ya zama malami da ƙarancin cunkoso. Wanda ya zo kamar ruwan bazara ya wuce, ba ya raya shuka.

Yanzu su wa ke cikin makarantun? Newark ce birni mafi girma a jihar, mutum kimanin 311,000 a ƙidayar 2020. Makarantun gunduma na ɗauke da yara wajen 40,000, banda na cata da ke riƙe da kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran makarantun gwamnati a garin. Abokinka ya ce "makarantun baƙaƙen fata", amma yau fiye da rabin ɗaliban gunduma 'yan asalin Latin Amurka ne, baƙaƙen fata sun haura kashi ɗaya cikin uku, fararen fata kuwa ba su kai kashi 10 ba, su ma da yawansu 'ya'yan mutanen Fotugal da Barazil ne na unguwar Ironbound. Mafi yawan yaran daga gidaje marasa ƙarfi suke, kuma masu koyon Turanci sai ƙaruwa suke duk shekara. Ba haka garin yake a da ba. Weequahic High a shekarun 1940 da 1950 makarantar 'ya'yan Yahudawa ce, kuma ana lissafa ta cikin fitattu. Masu hali sun riga sun fara ƙaura zuwa garuruwan kewaye, sai tarzomar Yulin 1967, wadda mutum 26 suka mutu a cikinta, ta ƙarasa korar sauran. Suka tafi da harajinsu, layin gunduma kuma ya zama katanga. A 2018 wasu ƙungiyoyi sun kai jiha ƙara cewa dokar da ta ɗaure yaro da garin da yake kwana ta mayar da makarantun New Jersey cikin mafi rarrabuwar launi a ƙasar. Hukuncin da ya fito a 2023 bai ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Sakandaren gundumar Newark iri biyu ne. Akwai waɗanda suke kira magnet, wato maganaɗisu, irin su Science Park da Technology da University da American History da Arts High, wadda aka buɗe tun 1931. Waɗannan zaɓen ɗalibai suke yi: a duba makin yaro da halartarsa, ya rubuta jarrabawar shiga, a Arts High kuma ya nuna bajintarsa a kiɗa ko zane ko wasan kwaikwayo. Sai kuma sakandaren kowa da kowa, su Barringer da Central da East Side da West Side da Weequahic da Malcolm X Shabazz. Su ba sa zaɓe. Wanda bai ci jarrabawa ba nasu ne, wanda iyayensa ba su ma san an yi jarrabawar ba nasu ne, wanda ya sauka daga jirgi jiya ba ya jin ko "zo" da Turanci nasu ne, mai buƙata ta musamman yawanci nasu ne, wanda ya bar wata makaranta a tsakiyar shekara ma nan zai faɗo.

Kai ɗan Kano ne, ba sai na wahalar da kai ba. Ka ɗauki sakamakon makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa ko ta Dawakin Kudu, inda sai an tace yara da jarrabawa ake ɗauka, ka jera shi da na sakandaren jeka-ka-dawo ta unguwarku, sannan ka ce malaman unguwa ba sa aiki. Wataƙila ba sa yi, wataƙila kuma sun fi kowa yi, amma jadawalin ba zai gaya maka ba. An riga an kwashe man, an bar musu tsala, sannan ana tambayarsu ina mai. Makin jarrabawa da kake gani yana auna yaran da suka shiga ƙofa fiye da yadda yake auna abin da aka yi musu a ciki. Sean Reardon na jami'ar Stanford ya nuna wannan a fili a 2017 da misalin Chicago: makin yaran birnin yana ƙasa da matsakaicin ƙasa, amma daga aji 3 zuwa aji 8 suna koyon abin shekara shida a cikin shekara biyar, ci gaban da ya fi na mafi yawan gundumomin Amurka. Abin takaici, New Jersey tana lissafa irin wannan ma'aunin ci gaba ne a azuzuwan ƙasa kawai, a sakandare babu shi a rahoton makarantu.

Bari in nuna maka yadda abin yake daga ciki. Wata shekara, a watan Fabrairu, aka ƙwanƙwasa ƙofar ajina, ma'aikaciyar ofis ta shigo da wani dogon yaro cikin rigar sanyin da ta yi masa yawa, yana riƙe da takarda ɗaya a hannu. Shekararsa 16, daga Yamai ya zo, Faransanci da Zabarmanci da Hausa yake ji. Da na ce masa "sannu da zuwa, ina gajiya" sai da ya waiga ya ga ko da wani nake. Ba shi da takardun makarantarsa ta baya, don haka aka sa shi aji 9 da yara 'yan 14. Na rubuta masa lissafi a allo ba tare da kalma ko ɗaya ba, ya warware shi kafin in ajiye alli, har ya gyara mini alamar da na manta. Na ba shi irin lissafin nan a cikin labarin jirgin ƙasa biyu da suka tashi daga tashoshi daban, ya zauna yana kallon takarda har aka kaɗa ƙararrawa. Bayan 'yan makonni jarrabawar jiha ta zo, kuma tambayoyin lissafin cike suke da Turanci. A takarda ya fito cikin "waɗanda ba su kai ba". Ga wani abin da mutanen waje ba su sani ba: a tsakiyar Oktoba ake ƙirga ɗaliban da za a yi lissafin kuɗin jiha a kansu, don haka wanda ya zo a Fabrairu makaranta na koyar da shi ne da kuɗin da aka yanka ba da shi ba. Yaron ya gama a shekara ta biyar saboda yana aikin dare yana taimakon mahaifinsa. A wurina nasara ce babba. A alƙaluman kammalawa cikin shekara huɗu kuwa, ragi ya zama wa makarantar.

Alƙaluman kammalawar ma sai an yi hattara da su ta ɗaya ɓangaren. A Newark sun tashi daga wajen kashi 60 cikin 100 a farkon shekarun 2010 zuwa sama da 80 a 'yan shekarun nan, kuma akwai aiki na gaske a cikin wannan. Amma takardar kammalawa makaranta ce ke bayarwa, kuma duk ma'aunin da aka ɗaure wa mutum albashinsa da shi sai ya sami hanyar lanƙwasa shi. A birnin Washington bincike ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka kammala a 2017 an ba su takarda ne bisa saɓa ƙa'ida, wasu sun yi watanni ba su zo aji ba. Don haka in ka ga makaranta na yaye kashi 85 amma waɗanda suka ci lissafin jiha ba su kai kashi 15 ba, ka san akwai magana.

Kada ka fahimce ni cewa duk kanwar ja ce. Makarantar da aka tara mata duk masu rauni tana shan wahala ta gaske: malamai ba sa daɗewa, darussa masu zurfi kan yi ƙaranci saboda ba isassun masu ɗauka, mai ba ɗalibai shawara ɗaya yana fama da ɗaruruwa. Zama da madaukin kanwa kuma shi ke kawo farin kai, abokan aji suna da tasiri. Abin da nake cewa shi ne ka daina tambayar wace makaranta ce ta fi maki, ka koma tambayar me wannan makaranta ke yi da yaro irin nawa. Ma'aikatar ilimi ta jiha na wallafa rahoton kowace makaranta a intanet kyauta, kuma an rarraba shi rukuni-rukuni. Ka duba sakamakon masu koyon Turanci da na 'ya'yan marasa ƙarfi daban, kada ka tsaya a jimilla. Ka duba yawan masu fashin zuwa, wato waɗanda suka rasa kashi 10 na kwanakin karatu, kwana 18 ke nan cikin 180. A ganina wannan lamba ta fi kowace faɗin gaskiya, don yara da ƙafarsu suke nuna inda suka ga amfani. Ka duba darussan AP, wato na matakin jami'a, nawa ake koyarwa, kuma cikin masu rubuta jarrabawarsu nawa ke samun maki 3 zuwa sama. Sannan ka duba nawa ne cikin waɗanda suka gama ke cikin wata kwaleji bayan wata 16.

Game da makarantun cata, na san za a ba ka shawararsu a masallaci. Na Newark, irin su North Star Academy da KIPP, suna cikin waɗanda binciken Stanford na 2015 ya nuna sun fi tasiri a biranen Amurka, kuma ba da jarrabawa ake shiga ba. Masu sukarsu na cewa ba sa ɗaukar sababbin zuwa marasa Turanci da masu naƙasa mai nauyi gwargwadon yadda gunduma ke ɗauka, kuma tsaurin horonsu kan sa wasu yaran su fice. Akwai gaskiya a duka biyun. Yaron da ya taso da tarbiyyar gida da ta islamiyya ba ya cika shan wahalar tsaurin.

Yanzu yaranka. Yarinyar ce lokaci ke gudu a kanta. Mai shekara 13 aji 8 za a sa ta, kuma a cikin wannan shekarar, a watannin sanyi, ake cike takardar zaɓen sakandare ta tsarin Newark Enrolls, ake kuma rubuta jarrabawar makarantun maganaɗisu. In ta iso bayan an rufe, sai inda aka sami gurbi. In da hali su zo kafin Satumba. Ka jera mata zaɓi da yawa, kada ka rubuta Science Park kaɗai ka koma gida kana addu'a. Ka sa Bard High School Early College a lissafi, inda yaro kan iya fita da takardar sakandare haɗe da digirin shekara biyu kyauta. Akwai kuma makarantun fasaha na ƙaramar hukumar Essex, irin su Newark Tech da ta Donald Payne, waɗanda gundumarsu daban ce, takardar nemansu ma daban.

Shi kuwa yaron, takardunsa ne za su yanke masa hukunci. New Jersey na buƙatar maki 120 na darussa kafin a kammala, wato abin da suke kira credits, kowane darasin da aka ci da nasa adadin, kuma mai ba ɗalibai shawara ne zai zauna da sakamakonsa na Kano ya ga nawa zai lissafa masa. Ka sa mahaifiyarsu ta karɓo cikakken sakamako na kowane zango tun daga JSS 3, darasi-darasi, da hatimin makaranta da sa hannun shugaba, tare da katin rigakafi da takardar haihuwa. Da su zai iya shiga aji 10 ko 11. Babu su, aji 9 ne, kamar yaron Yamai, kuma haƙƙin karatu kyauta a jihar yana ƙarewa ne a shekara 20. Wurin rajista za a tambaye ka yaren da ake yi a gida. Ka faɗi gaskiya, Hausa ne, za a gwada Turancinsa. In ya yi karatunsa da Turanci kuma yana da ƙarfi, ka tsaya ka ga sakamakon gwajin da idonka, don na sha ganin yaran Najeriya da Gana an ajiye su a ajin koyon Turanci saboda lafazinsu kawai, shekara ta wuce ba su taɓa kimiyyar da suka iya ba. Ka nemi a gwada lissafinsa shi ma. Ba za a tambaye ka takardun izinin zama a Amurka ba, Kotun Ƙoli ta hana korar yaro kan wannan tun 1982. Ranar Sallah kuma in ka rubuta musu takarda, ba a lissafa ta a matsayin fashi.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. Za ka sami wanda zai ce ka yi amfani da adireshin ɗan'uwa a wani gari mai makaranta mai kyau. Gundumomin nan suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, su tsaya a mota da sassafe su ga daga wane gida yaro ya fito. In an kama, a cire yaron a tsakiyar shekara, a aiko maka da takardar biyan kuɗin duk kwanakin da ya yi. A jihar Ohio a 2011 har ɗaure wata uwa aka yi na 'yan kwanaki kan wannan.

Kafin ka cike komai, ka ɗauki safiya ɗaya ka je makarantu biyu ko uku da ke ranka. Ka tsaya a bakin ƙofa da ƙarfe 8:30 ka ga yara nawa ke shigowa a makare da kuma ko akwai babban da ke kiransu da sunansu. Ka shiga ofis ka ce kana son ganin mai ba ɗalibai shawara, ka tambaye shi yara nawa ne a hannunsa, malaman lissafi nawa ne suka yi shekara uku a makarantar, kuma in ɗanka ya iso a watan Nuwamba, wane aji ne ke da kujerar da zai zauna.